Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Tantance Littattafan Makarantunmu: Tsohon Darasin Rarraba Mutane Yana Nan A Aji

Zuwa ga masu girma kwamishinonin ilmi na jihohin Arewa, da mambobin kwamitocin da ke tantance littattafan makarantun sakandare.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa, ina addu'ar Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku. Ni tsohon malamin labarin ƙasa ne. Na ajiye alli, amma ban rabu da makaranta ba, domin jikoki da 'ya'yan maƙwabta ba su daina kawo mini littattafansu ba. Ina magana ne da bakin wasu abokan aiki, malaman labarin ƙasa da na bayoloji da na tarihi, waɗanda suka yi ritaya da waɗanda ke aji har yanzu, da kuma iyayen da muka tattauna wannan batu da su.

Mun yi murna da Gwamnatin Tarayya ta dawo da darasin tarihi a firamare da ƙaramar sakandare a 2022, bayan an shafe shekaru fiye da goma babu shi. Tun daga lokacin kuna ta aikin duba sababbin littattafai. Sai dai ba mu ga wanda ya waiwayi tsofaffin da ke jibge a ɗakunan karatu ba, balle bayanan darasin da malamai ke gada hannu da hannu. A can ne abin da ya sa muka rubuto muku yake kwance.

Kuka na farko shi ne, har gobe ana koya wa yara cewa 'yan Adam sun kasu jinsi uku ko huɗu ko biyar, kuma ana koya musu haka a matsayin kimiyya. Kwanakin baya wata jikata da ke babbar sakandare ta kawo mini littafin rubutunta. An ja layuka daga sama zuwa ƙasa, an raba shafin gida uku, a kan kowane gida an rubuta suna: Caucasoid, Mongoloid, Negroid. A ƙarƙashi an jera gashi da hanci da leɓe da launin fata. Gida na uku an ba shi murɗaɗɗen gashi, faffaɗan hanci, da leɓe mai kauri. Can ƙasa malami ya sa mata cikakken maki da jan biro. Tambayarta ita ce, tunda ta ɗauko dogon hancin uwarta da baƙar fatar ubanta, a wane gida za ta zauna? Da na bi sawu sai na tarar malamin bai ƙirƙiro komai ba. Daga bayanan wanda ya gada ya kwafa, shi kuma wancan daga wani littafi da ya zo cikin kwalayen kyauta daga ƙasar waje. Na riƙe littafin da hannuna. Gara ta ci bangonsa, amma a shafin farko ana iya karanta hatimin makarantar da ta fitar da shi daga amfani. Masu shi sun yar, mu muka tsinta muna ba da maki a kansa.

Ban ga laifin malamin ba. Ba wanda ya taɓa gaya masa daga ina wannan jadawali ya fito, kuma labarin fitowarsa shi ne ya isa ya rushe shi.

A 1735 wani masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, ya fitar da littafin da ya jera halittu rukuni-rukuni, ya raba mutane huɗu bisa nahiya da launi. A bugu na goma, na 1758, sai ya ƙara wa kowane rukuni hali. Bature ya ce mai kaifin basira ne da ƙirƙira. Ɗan Afirka kuwa ya ce mayaudari ne, malalaci, mai sakaci, wanda son zuciya ke jagoranta. Mutumin nan bai taɓa taka ƙasar Afirka ba. Labaran matafiya da na fataken bayi ya tattara, ya sa musu rigar Latin. Bayansa aka yi Johann Blumenbach na jami'ar Göttingen a Jamus, mai tara ƙoƙunan kan mutane, wanda a 1795 ya tsayar da rukuni biyar da sunayensu. Sunan Caucasian da yaranmu ke haddacewa ya samo asali ne daga ƙoƙon kan wata mata 'yar ƙasar Jojiya, kusa da duwatsun Kokasus, wanda ya fi burge shi a cikin tarinsa, ya ce shi ne mafi kyawu. Wato ganin ido ne da son rai, ba awo ba. A yi masa adalci, shi da kansa ya rubuta cewa rukunan nan suna narkewa cikin juna ba tare da iyaka ba, kuma ya tara rubuce-rubucen baƙaƙen fata don ya nuna basirarsu. Masu rubuta littattafan makaranta suka ɗauki jadawalin suka bar gargaɗin.

A birnin Filadelfiya na Amurka, likita Samuel Morton ya tara ɗaruruwan ƙoƙunan kai, yana ɗura musu ƙwayar iri, daga baya ƙananan dunƙulen dalma, yana juyewa a ma'auni don ya san girman ƙwaƙwalwa. Ya fitar da sakamako a 1839, Bature a sama, baƙar fata a ƙasa, masu kare cinikin bayi kuwa suka yi caraf suka cafe. Wasu daga cikin ƙoƙunan na bayi ne da aka tono daga kaburbura. A 2021 gidan tarihin da ke ajiye da su ya fito ya nemi afuwa.

Daga nan abin ya gangaro aji. Wani littafin karatu na 'yan firamare da aka buga a Faransa a 1877, Le Tour de la France par deux enfants, wanda aka sayar da miliyoyinsa, yana da hoton fuskoki huɗu, ƙarƙashinsa an ce jinsin farar fata shi ne mafi kamala. A Amurka littafin bayoloji na George Hunter na 1914 ya jera jinsi biyar, ya rufe da cewa mafi ɗaukaka duka su ne Turawa. Ku lura, marubutan ba su taɓa yarda da juna a kan adadin ba, wani ya ce uku, wani biyar, wani ya haura goma, amma a kan wanda ke sama bakinsu ɗaya, kuma kullum dangin marubucin ne. Littattafan da suka zo mana daga baya sun goge kalmar fifiko, suka bar gidajen yadda suke, da jerin yadda yake: Bature a farko, mu a ƙarshe. Yaro ba wawa ba ne, ya san ma'anar zuwa na ɗaya da zuwa na ƙarshe.

Kuka na biyu ya fi na farko ciwo, domin mu ya shafa kai tsaye, kuma da yawanmu mun ji daɗinsa mun haɗiye. Ina nufin zancen Hamitic, wato zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu, wanda har yanzu ake samu a bayanan darasi idan an zo asalin Hausawa da Fulani da Barebari.

Da can Turawa cewa suke baƙaƙen fata zuriyar Hamu ne da aka la'anta, don haka bautar da su halal ce. Da Napoleon ya shiga Masar a 1798, masanan da ya tafi da su suka ga dala da gine-ginen Fir'auna, sai magana ta rikice: ta yaya la'anannu za su gina wannan? Sai aka juya labarin. Aka ce ai zuriyar Hamu reshe ne na farar fata da rana ta ƙona, makiyaya ne da suka gangaro daga arewa maso gabas, kuma duk inda ka ga sarauta ko birni ko ƙira ko rubutu a Afirka, su suka kawo wa baƙaƙen da suka tarar. John Speke, wanda ya je neman mafarin kogin Nilu, ya yaɗa wannan a 1863 game da masarautun yankin manyan tafkuna na gabashin Afirka. Charles Seligman ya tsara shi tsaf a littafinsa Races of Africa na 1930, inda ya ce wayewar Afirka wayewar Hamawa ce. An ci gaba da sake buga littafin nan har 1966, shekara shida bayan Nijeriya ta sami 'yanci. Da wannan ido Bajamushe Leo Frobenius ya kalli kan tagulla da kawunan yumɓu na Ife a 1910, ya kasa yarda Yarbawa suka ƙera su, gara ya danganta su da wata ɓatacciyar ƙasa ta almara mai suna Atlantis.

Mu ma an saka mu cikin wannan buhu. A 1912 masanin harsuna Carl Meinhof ya haɗa Hausa da Fulatanci da Somaliyanci da harshen Masai da na Nama na kudancin Afirka, ya ce duk Hamawa ne. Jami'an mulkin mallaka irin su H. R. Palmer suka yi ta tono labaran asali, duk inda suka ji an ce wani baƙo ya zo daga gabas ya kafa sarauta sai su ce ga hujja. Abin ya yi wa mulkinsu daidai: idan tun fil azal baƙi masu hasken fata ne ke zuwa su mulki 'yan ƙasa, to zuwan Bature ci gaban al'ada ne kawai.

Wanda ya warware wannan ƙulli mutum ne da ya zauna a cikinmu. Joseph Greenberg, Ba'amurke, ya yi bincike a tsakanin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 zuwa 1939. Daga baya, a rubuce-rubucensa da suka kammala da littafin 1963, ya nuna babu wani dangin harsuna mai suna Hamitic. Hausa tana cikin harsunan Cadi ne, 'yan uwanta na jini su ne Bolanci da Ngizim da Bade da Angas da Tangale da Margi da sauran fiye da ɗari da ke nan kewaye da mu, a Yobe da Bauchi da Gombe da Filato da Borno, har cikin Kamaru da Cadi. Fulatanci kuwa danginsa na kusa su ne Serer da Wolof na Senegal. Ya nuna cewa abin da ya sa aka jefa wasu cikin Hamawa ba nahawu ba ne, kiwon shanu ne da dogon hanci. A Zariya ma Abdullahi Smith da Yusufu Bala Usman sun yi wannan yaƙi ta fuskar tarihi, suka nuna birane irin su Kano da Katsina sun tsiro ne daga noma da ƙira da kasuwa da cuɗanyar mutane iri-iri a nan ƙasar, ba wani jarumi ne ya sauke su daga kan doki ba. Ba ina cewa a daina ba yara labarin Bayajidda ba. Labari ne na kakanni, yana da matsayinsa, kuma yana faɗa mana yadda masarautu suka ɗauki dangantakarsu. Amma a koyar da shi a matsayinsa, kada a mayar da shi shaidar cewa wani jini ya fi wani.

Masu girma, kun san inda wannan zance ya kai wata ƙasa. A Ruwanda Turawan Beljiyam sun ɗauka cewa Tutsi Hamawa ne da suka zo daga Habasha, Hutu kuwa baƙaƙen asali. Suka auna hanci da tsawo, suka fifita wasu a makaranta da aikin gwamnati, a shekarun 1930 suka rubuta wa kowa ƙabilarsa a katin shaida. Mutanen da harshensu ɗaya, suna auratayya, aka koya musu a aji cewa jinsi biyu ne. A 1992 wani ɗan siyasa, Léon Mugesera, ya tsaya gaban taro ya ce za a mayar da Tutsi Habasha ta kogin Nyabarongo. A 1994 aka kashe mutane wajen 800,000 cikin kwana ɗari, kuma an jefa gawawwaki da yawa a wannan kogin. Ba na cewa littafi ne kaɗai ya yi kisan, akwai siyasa da yaƙi da rikicin ƙasar noma. Amma littafi ne ya ba masu kisan kalmomin da suka yi amfani da su.

Ku buɗe Facebook yau ku karanta abin da matasanmu ke rubuta wa juna a kan Hausa da Fulani. Wannan ya ce ku baƙi ne, ku koma inda kuka fito. Wancan ya ce mu jinin mulki ne, ku ba ku taɓa kafa komai ba. Dukansu biyun darasin Seligman suke maimaitawa, ɗaya ta kai, ɗaya ta wutsiya, kuma ba wanda ya san sunansa a cikinsu. A yankin da rikicin manoma da makiyaya ke cin rayuka, barin wannan a littafin makaranta ganganci ne. Ga kuma ƙaramar ɓarnar da ba ta shiga labarai: yarinyar da ake kira baƙa a filin wasa har ta fara tara kuɗin man bilicin.

Kuka na uku na ɗaliban da za su zama likitoci da malaman jinya ne. Wanda aka raina da jadawalin gida uku zai ɗauka cutar sikila ta baƙar fata ce. Ba haka ba ne. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna cewa ƙwayar gadon sikila tana bin zazzaɓin cizon sauro ne, domin mai AS yana da ɗan kariya daga mummunan zazzaɓi. Shi ya sa ake samunta a Indiya da gabashin Saudiyya da Girka, kuma take da ƙaranci a can ƙarshen kudancin Afirka inda mutane baƙaƙe ne. A ƙasarmu, inda kusan mutum ɗaya cikin huɗu ke ɗauke da AS, wannan ne bayanin da yaro ke bukata kafin ya kai munzalin aure. Haka kuma shekaru da dama ana amfani da wani lissafin gwajin ƙoda da ke ƙara wa baƙar fata kusan kashi 16 cikin ɗari, ƙodar mara lafiya ta fito a takarda kamar ta fi yadda take lafiya, a makara wajen tura shi ga ƙwararre. Sai a 2021 ƙungiyoyin likitocin ƙoda na Amurka suka cire wannan ƙari.

Abin da kimiyya ta tsaya a kai yanzu ba ɓoyayye ba ne, kuma ba ya da wuyar koyarwa. Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara fitar da sanarwa a kan batun tun 1950. A 1972 Richard Lewontin ya auna bambancin ƙwayoyin gado ya tarar kusan kashi 85 cikin ɗari yana tsakanin mutanen al'umma ɗaya ne, ɗan kaɗan ne ke tsakanin abin da ake kira jinsuna. Afirka ta fi kowace nahiya yawan wannan bambanci, domin a nan ɗan Adam ya fi daɗewa, don haka cusa Bahaushe da ɗan ƙabilar Dinka na Sudan ta Kudu da mutumin San na Kalahari a gida ɗaya shi ne mafi raunin sashen jadawalin. Launin fata kuwa yana bin ƙarfin rana ne, yana sauyawa sannu a hankali, kamar yadda Hausa ke sauyawa daga Kano zuwa Sakkwato: kowa ya san Kananci daban da Sakkwatanci, amma ba wanda zai nuna maka ƙauyen da ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

Akwai kuma abin da littattafan suka yi shiru a kansa. Ba a taɓa rasa masu ƙaryata wannan rabo ba, tun yana sabo. Friedrich Tiedemann ya auna ƙwaƙwale a 1836 ya ce bai ga bambancin da ake faɗa ba. Anténor Firmin, baƙar fata ɗan Haiti, ya rubuta littafi guda a Faris a 1885 yana kare daidaiton 'yan Adam. Kafin su duka, a 1615, Shehu Ahmad Baba na Tambutu ya ba da fatawa cewa baƙar fata ba dalilin bauta ba ce, ya ambaci mutanen Kano da Katsina da Gobir da Borno da Songhai da sunayensu. Ibn Khaldun ma ya ƙaryata cewa la'anar Hamu ce ta kawo baƙar fata, ya ce zafin ƙasa ne, ko da yake shi ma, kamar wasu masana labarin ƙasa na Larabawa da suka raba duniya yanki bakwai, ya faɗi maganganu marasa daɗi a kan mutanen kudu. Wannan ma a faɗa wa yara, kada su ɗauka cutar ta Turawa ce kaɗai. Ɗalibin da ya haddace ayar da ta ce saɓanin harsunanku da launukanku yana cikin ayoyin Allah, bai kamata ya shiga ajin bayoloji a jera masa launukan daga na ɗaya zuwa na ƙarshe ba.

Ga abin da muke roƙo. Ku tura masu duba makarantu su leƙa ɗakunan karatu da bayanan darasin malamai, ba rajistar halarta kaɗai ba, su fitar da duk littafin labarin ƙasa ko bayoloji ko nazarin zamantakewa da ke koyar da wannan rabo ko zancen Hamawa a matsayin gaskiya. Kada a ƙone su. Wasu abokan aikina sun so a ƙone, ni ban yarda ba. A ware musu kanta guda, a manna wa kowanne takarda a bango mai bayanin shekarar da aka buga shi da abin da bincike ya rushe a cikinsa. Malamin tarihi ba zai sami kayan aiki da ya fi su ba: ya buɗe shafin a gaban aji, ya tambayi yara wa ya rubuta, a wace shekara, wa ke mulkin wa a lokacin, wa kuma aka sa a sama.

Muna roƙon a sa wannan darasi a manhajar tarihi ta ƙaramar sakandare, ko da na mako biyu ne, kuma a sa shi a kwalejojin horar da malamai, domin daga can bayanan ke fitowa. A nemi malaman sassan tarihi da harsuna da kimiyyar halittu na jami'o'inmu su rubuta ɗan ƙaramin littafi da Hausa da Turanci, wanda malamin ƙauye zai iya karantawa a zama ɗaya, a raba shi kyauta. A duba tambayoyin jarrabawar da jihohi ke shiryawa, a cire duk wadda ke neman yaro ya lissafa jinsunan mutane ko ya faɗi siffofinsu, domin muddin tambayar tana fitowa malami zai koyar da amsarta, ko me takardar umarni ta ce. Sannan duk kwalin littattafan kyauta da zai shigo, daga gida ko daga waje, kada ya wuce kai tsaye zuwa makaranta sai kwamitinku ya buɗe ya duba, kamar yadda kuke duba wanda za a saya da kuɗin gwamnati.

Mu tsofaffin malamai muna nan, da yawanmu ba mu da aikin da ya wuce zaman majalisa da sauraron rediyo. In kuna bukatar masu zama su tace kwalayen nan shafi-shafi, ku aiko ta ofisoshin ilmi na shiyya, za mu zo ba tare da neman alawus ba.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira. Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin labarin ƙasa, a madadin abokan aikinsa da iyayen yara.